Harsashi Biyu da Suka Ƙi Tashi

Asabar: daga gida zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba motar ofis ta tsaya a ƙofar gidanmu. Farkon damina ne, an yi ruwa kafin mu tashi, ƙasa sai ƙamshi take. Na shiga ɗakin Inna in yi mata sallama, na same ta a kan buzu da carbi a hannu. Ba ta cika ni da nasiha ba yadda ta saba ko da Bauchi zan je. Cewa kawai ta yi, "Sale, tunda wurin waɗanda suka ƙera ta za ka, ka tambaye su. Abin da suka faɗa maka ka kawo mini shi yadda yake, kada ka tace." Na ce to. Ta yi mini addu'a, na fito.

Bari in gaya wa mai karatu abin da ya fitar da ni, kada ya ɗauka yawon buɗe ido na je. A tsakiyar shekarun tamanin ni ne mai kula da siton makamai na masu gadin gandun dajin da ke kusa da garinmu. Bindigoginmu gadon Turawa ne da 'yan tsince-tsince, kowace da irin harsashin da take ci, har iri bakwai. Sai ka ga harsashi fal a akwati amma bindigarsa ta mutu, wata kuma lafiyarta ƙalau amma abincinta ya ƙare. Shi ne ofis ya ce a tura mutum London, wurin wani tsohon kamfanin bindigogin farauta, ya zaɓo iri uku kacal da za mu tsaya a kansu. Da yake ni na san sito, ina kuma ɗan jin Turanci, aka ce ni.

Wannan aiken gwamnati ke nan. Nawa aiken daban ne. Yayana Haruna shi ne shugaban masu gadin dajin, shekara ashirin yana riƙe da wata bindiga mai lamba 404. A kakar da ta gabata wata ɓauna da tarkon waya ya yanke wa ƙafa ta addabi manoman wani ƙauye, aka tura shi. Mutum biyun da suka raka shi sun haye bishiya. Sun ce ta fito masa daga cikin gamba, bai fi taku goma sha biyar tsakaninsu ba, sun ga ya ɗaga bindiga, amma ba su ji ƙara ba. Kafin la'asar aka kawo mana gawarsa. Allah ya jiƙan Yaya.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba magana ta fara yawo a kasuwa, wai Haruna daskarewa ya yi don tsoro. Ni kuwa washegarin rasuwar na je wurin, na tsinci harsashi ɗaya a cikin ciyawa, wani kuma a cikin bindigar, kowanne da 'yar lotsawa a gindinsa. Na kai wa wani babba a ofis, ya juya su a tafin hannu ya ce, "Ai allurar bindigar ce ta yi sanyi. Bai kula da kayan aikinsa ba." To ka ji. A kasuwa matsoraci, a ofis mai sakaci, mutumin da ba ya cin abinci sai ya goge bindigarsa. Wannan magana ta tsaya mini a wuya wata takwas. Don haka na roƙa aka tura bindigar London mako uku kafin tafiyata, ta hannun masu lasisin ɗaukar irin waɗannan kaya, tare da harsashin nan biyu da ragowar guda takwas.

Mun shiga Bauchi ƙarfe bakwai da minti goma. A tasha na sami Fijo mai zuwa Kano, naira goma sha biyar, saura mutum ɗaya ta cika. A shingen Ningi wani kofur ya zazzage jakata, ya ɗaga rigar sanyin da na ara ya ce, "Malam, da wannan zafin?" Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, Ingila za shi." Kofur ya mayar da rigar da ladabi, har da cewa in gaida Sarauniya. Muka ci masa da miyar taushe a Birnin Kudu, muka ƙetare gadar Wudil ƙarfe ɗaya, muka shiga Kano biyu saura. Kilomita ɗari uku ke nan da 'yan kai daga Bauchi. Na sauka a Fagge, gidan wani ɗan ƙanwar Inna.

Lahadi: Kano zuwa Deptford

Jirgi ya tashi sha ɗaya da minti ashirin na safe. Karona na biyu ke nan a sama, na farko aikin Hajji ne. Sa'a shida muka yi. Na kama agogo zan gyara, maƙwabcina ya ce in bar shi, a wannan lokaci na shekara agogon London da na Kano ɗaya ne.

A filin jirgi wata jami'a ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Ni da ban iya kwana-kwana ba na ce, "Sayen bindigogi." Ta ajiye biro ta dube ni. Minti arba'in na yi a wani ɗan ɗaki ana juya takardun ofis da wasiƙar kamfanin, aka buga waya, sannan aka buga mini hatimi aka ce in wuce.

Mai masaukina Alhaji Fuseini ne, mutumin zangon Kumasi, wanda muka zauna tanti ɗaya da shi a Mina shekara huɗu da suka wuce. Tasi yake ja a London. Tun daga nesa na hango hularsa.

"Malam Sale! Sannu da zuwa! Na ce ko an yi cancel ne. Tun four o'clock ina nan, parking ya gama da ni."

"Alhaji, yi haƙuri, bakina ne ya ja mini."

Da na ba shi labari ya yi dariya har ya jingina da mota. "A nan garin, ɗan'uwa, ko wuƙa ba ka kiran sunan shi da ƙarfi. Shiga mu je, Hajiya ya dafa wake da shinkafa tun rana."

A bakin mutanen zango mace da namiji duk abu ɗaya ne, kwana biyu na yi kafin kunnena ya saba. Sa'a ɗaya da rabi muka yi zuwa unguwarsu, Deptford. Gidansa flat ne na council, wato gidan hayar hukuma, a hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo, ta taga kana hango kogi. Matarsa Hajiya Memuna ta kawo abincin da yajin Gana mai baƙi, na ci har gumi ya karyo mini. Na yi ta jiran magariba har tara ta gota rana ba ta da niyyar faɗuwa.

Litinin: ƙarƙashin kanti

Ƙarfe takwas da rabi Alhaji ya raka ni tashar jirgin ƙasa, muka ratsa kasuwar titi ana ta kafa rumfuna, har da doya da busasshen kifi. Ya rubuta mini hanya a bayan ambulan. "Ka sauka Charing Cross, ka ɗauki tube, two stops kawai. In ka ɓata, kar ka tambayi mai sauri, tambayi tsohuwa." Minti ashirin jirgin ya yi, na hau tube ɗin, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ban kuma ɓata ba.

Kantin ba ya kama da wurin sayar da abin kisa. Kafet ne mai laushi, da kabad-kabad na gilashi, da kawunan namun daji a bango. Kan ɓauna na sama da ƙofa, ban iya kallonsa sau biyu ba. Manajan ya karɓe ni da fara'a, ya ce maganar zaɓe ba tasa ba ce, ya sauka da ni ƙasa inda maƙera suke. A can ya haɗa ni da Mista Norman, wani gajeren tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Shekara arba'in da biyar yana wannan benci.

Na tambaye shi ƙasashen da ya yi farauta. Ya ce, "Ni? Ban taɓa ganin ɓauna mai rai ba sai a gidan ajiye dabbobi. Amma duk bindigar da ta fita daga nan tana dawowa wurina gyara, in ji labarinta. Wasu da masu su suke dawowa, wasu su kaɗai."

Na zayyana masa iri bakwai ɗin da muke da su. Ya girgiza kai, ya jera harsasai uku a kan benci, ƙarami da matsakaici da babba. Ya ce lambar da ake kiran bindiga da ita faɗin harsashinta take nufi. "Mutumin da zai zaga duniya yana farauta, uku sun ishe shi. Wannan 243 ce, ta barewa da gada. Wannan 30-06, ta gwanki da kanki da duk abin da ya kai girman jaki. Wannan 375, ta abin da zai iya kashe ka. Akwai waɗanda suka fi su kyau, ni ma na sani. Amma kada ka zaɓi wadda ta fi kyau. Zaɓi wadda in ka shiga ƙaramin kanti a Zambiya ko Kanada ko Sifen za ka sami harsashinta sabo."

Biyun farko ban ja ba. A kan babbar ce na kafe. Na ce mu 404 muka sani, da ita aka kori giwaye daga gonakin mutane shekara da shekaru, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce bindiga ce ta kirki, babu musu, sai dai masana'antar da ke yi mata harsashi a Ingila ta daina fiye da shekara goma, yanzu sai ɗan abin da Jamusawa suka yi jefi-jefi. Na ce duk da haka. Gaskiyar magana ba hujja nake bi ba. Gani nake in na cire lambar daga takarda, kamar na yarda da abin da ake faɗa a kan Yaya ne.

Sai na ba shi labarin. Bai katse ni ba. Da na gama ya buɗe kabad ya ɗauko bindigar Yaya, na ga gurbin da tafin Yaya ya cinye a jikin katakon, sai da na kau da kai. Ya ce, "Gobe za mu tambaye ta."

Talata: filin gwaji

Filin gwajin harbi yana bayan gari, arewa maso yamma. Na hau tube ƙarfe tara har ƙarshen layi, kusan sa'a guda, Mista Norman ya ɗauke ni a wata tsohuwar motarsa mai warin taba. Mil huɗu muka ƙara. Wuri ne kore shar, da tudun ƙasa a ƙarshe, da alluna a taku hamsin da taku ɗari.

Na harba ƙaramar, kamar wasa. Matsakaiciyar ma haka. 375 tana da shuri, amma shuri ne na mutunci, tura ka take yi ba duka ba. Sai ya miƙo mini wata mai lamba 458, wadda wasu a ofis suka ce lallai in duba don giwa. Harbi ɗaya na yi hulata ta faɗi. A na biyu, kafin in ja kunama na riga na runtse ido, harsashin ya tafi inda Allah ya nufe shi. Tsohon ya ce, "Ka gani? Masu gadinku ƙattai ne?" Na ce yawancinsu ba su kai ni ba. Ya ce, "Bindigar da mai ita yake tsoro ba ta da amfani, komai girmanta." A nan muka binne maganar 458.

Sannan ya ɗauko ta Yaya. Ya ce tun da ta iso bai taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. Ya ɗura mata sababbin harsasai na Jamus ya harba biyar. Duk sun tashi, kuma da muka je allo, tafin hannuna ya rufe hujojin gaba ɗaya. Ya zare sakatar ya nuna mini allurar, ya leƙa bututun a hasken rana ya ce, "Wannan bindiga ta girme ka, amma cikinta kamar jiya aka yi ta. Duk wanda ya ce mai ita yana da sakaci bai san bindiga ba."

Wani daɗi ya kama ni wanda rabona da irinsa tun kafin rasuwar. Na yi hamdala a fili, har na kama hannun tsohon da hannu biyu.

Sai ya ce bari kuma mu gwada namu na gida. Ya ɗura guda takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya tashi. Na biyu, ƙyas, shiru. Ya jira minti guda cur kafin ya buɗe. A cikin takwas, uku ba su tashi ba. Ya ɗauki ɗaya ya murza a yatsa, ya kai hanci, ya sa a aljihu. Da ya sauke ni a tasha ya ce, "Ka zo ƙarfe goma."

Laraba: abin da ke cikin harsashi

Na same shi ya shimfiɗa farar takarda a benci, harsasan Yaya biyu a kai. Ya fara da lotsawar. Ya auna zurfinta ya ce cikakken bugu ne, duka biyun. "Ka san abin da wannan yake nufi? Ya ja kunama, ba ta tashi ba. Ɓauna tana zuwa. Bai jefar da bindiga ba, bai juya baya ba. Ya ja sakata, ya fitar da wancan, ya ɗura wani, ya sake ja. Ina da abokan ciniki masu lambobin yaƙi da ba za su iya haka ba. Yayanka jarumi ne."

Hawaye suka zubo mini.

Ya bari na natsu, sannan ya ɗaure harsashi ɗaya a wani ƙarfe ya zare kansa. Albarushin ciki ya zubo dogo-dogo kamar taliya. Ya ce in shinshina. Ya kuma ciro 'yar hular da ke gindin kwanson, wadda allura ke bugawa ta tayar da wuta, ya tona cikinta da tsinke. Ya ce kamata ya yi abin ciki ya zama busasshe. Wannan kuwa ya jiƙe ya yi baƙi, ya manne a tsinken.

"Wa ke ajiye harsasan nan?"

"Ni ne."

"Me kake shafa musu?"

Tun kafin ya rufe baki na gane warin. Kananzir ne da man kaɗanya.

Mahaifinmu maharbi ne, da bindigar gargajiya ya yi zamaninsa. A gidanmu duk farkon damina ana fito da kowane ƙarfe, daga bindiga har fartanya, a shafe shi da man kaɗanya don tsatsa. Da wannan na tashi. Harsasan 404 a cikin gwangwani suka zo tun zamanin Turawa, an liƙe shi da dalma. Shekara shida kafin wannan tafiya na ce kada su ruɓe a ciki ban sani ba, na fasa gwangwanin. Damina ɗaya suka fara yin kore. Sai na narka man kaɗanya, na ɗiga kananzir don ya ratsa, na bi su ɗaya-ɗaya da tsumma. Kowace shekara haka. Yaya har tsokanata yake yi, yana cewa, "Sale, harsashinka mutum sai ya yi aski a jikinsa."

Na gaya wa Mista Norman duk wannan. Ya cire tabarau ya ce, "Shi mai, abokin bindiga ne, amma maƙiyin harsashi. Yana bin gefen hular ya shiga a hankali, zafin ƙasarku kuma ya taimaka masa. Ba wanda ya taɓa gaya maka?" Na ce babu.

Garin neman gira na rasa ido. Na baro gida da fushin mutanen kasuwa da na ofis, ina neman wanda zan nuna da yatsa, ashe tare muka hau jirgi. Ban san yadda na hau matakalar na fita titi ba. Ranar nan da ƙafa na tafi har tashar Charing Cross, na bar jirgi uku suka wuce ina zaune a benci.

Alhamis da Juma'a

Da safe na koma kantin. Mista Norman ya buga wasiƙa iri biyu da za a kai wa ofishinmu. Dukansu sun ce bindigar lafiyarta ƙalau, mai ita kuma ya ja kunama sau biyu. Ta farko ta ce harsasan sun lalace saboda tsufa. Ta biyu ta ƙara layi ɗaya, cewa man da aka riƙa shafa musu a wurin ajiya ne ya kashe su. Ya ce, "Ta farkon ba ƙarya ba ce, tsofaffi ne. Amma ba ita ce duka ba. Ka tafi da su, gobe ka gaya mini wadda zan sa wa hannu."

Bayan la'asar Alhaji Fuseini ya ajiye mota muka gangara bakin kogi. Ruwa ya janye, sai laka da tsofaffin tayoyi. Na ba shi takardun, ya karanta a hankali.

"Ɗan'uwa, ɗauki na farko. Sunan yayan ka ya wanku, ba shi ka zo nema ba? Kana da aiki, kana da iyali. Za su yi sacking ɗin ka, kuma tsohuwa zai ji ciwo biyu. Allah ya san ba da niyya ka yi ba."

Na ce, "Alhaji, akwai ƙananan sito huɗu a cikin dajin. Masu kula da su ni na koya musu aiki. Yanzu haka damina ta faɗi."

Ya sake duban takardun. Can ya ce, "Su ma suna shafawa?"

"Da tsumman da na yanka musu."

Ya naɗe takardar farko ya sa a aljihunsa. "To, wannan ya zauna wuri na. Gobe na yi dropping ɗin ka da kai na." Ya kuma kai ni gidan waya na buga wa ofis telegiram cewa kada a ba kowa harsashi daga sito sai na dawo.

Juma'a ƙarfe goma Mista Norman ya sa hannu a ta biyu. Ni ma na sa hannu a takardar zaɓe: 243, da 30-06, da 375. Babu 404. Bai yi mini gori ba. Ya sa aka rubuta a odar cewa harsasai su zo a ƙananan gwangwanaye liƙaƙƙu, kada a buɗe sai za a yi aiki, wanda kuma ya shekara biyu a buɗe a ƙarar da shi a wurin koyon harbi. Bindigar Yaya ta ofis ce, an riga an ce a bar ta a musanya. Na roƙa ya ba ni ita na riƙe na ɗan lokaci, sannan na miƙa masa. Ya ce zai nema mata mutumin kirki. Daga nan Alhaji ya kai ni babban masallaci, na yi wa Yaya addu'a, na nemi gafarar Ubangiji.

Asabar da Lahadi: komawa

Jirgi ya tashi ƙarfe goma na safe, muka sauka Kano huɗu da rabi. Na kwana Fagge. Lahadi ƙarfe bakwai na hau motar Bauchi, ruwa ya tare mu a Ningi sa'a guda, na sami akori-kura mai zuwa garinmu ƙarfe biyu. La'asar sakaliya na shiga gida. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Alhaji Fuseini da Hajiya Memuna, Allah ya saka musu da alheri. Tsohon nan Norman ma ban manta shi ba, ya gaya mini gaskiya bai kuma wulaƙanta ni ba. Ofis daga baya ya ɗauke ni daga sito ya mai da ni ƙofar shiga daji ina yankan tikiti, ban kuma yi ƙorafi ba.

Amma kafin ofis akwai Inna. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa, na fito da wasiƙar, na fassara mata layi-layi. Da na zo na ƙarshe na faɗa mata shi yadda yake, ban tace ba. Na ce, "Inna, ni ne. Hannuna ne ya kashe harsasan."

Hannunta yana cikin faifai amma ya daina motsi.

"Sau nawa ka ce ya ja?"

"Sau biyu, Inna."

"Tana zuwa, yana tsaye?"

"Yana tsaye."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta. "Na san abin da na haifa." Sai ta dube ni. "Man kuma, a ina kake samu?"

Ba ta jira amsata ba.

"A tukunyata kake ɗiba. Ni nake dafa shi, ni nake tuna maka in damina ta kusa. In za ka ɗauki wannan kaya, Sale, ba kai kaɗai za ka ɗauka ba."

Na ce, "Inna, kananzir ɗin ni na ƙara."

Ta ce, "Na rasa ɗaya, ba zan zauna ina kallon ɗayan yana binne kansa da ransa ba. Tashi ka wanke hannu ka ci abinci. Gobe kasuwa ce, za ka raka ni. Kai ka karanta musu takardar, ni in tsaya a gefenka."